Ƙiriniya ce ko larura? Gane yaron da natsuwa ta gagara a Zamfara

Idan aka tattara binciken da aka yi a sassan duniya, kusan yara biyar cikin kowane ɗari suna da larurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi da garaje waɗanda suka wuce na ƙuruciya. A ɗauko wannan lissafi a kawo shi ajin firamare mai yara tamanin a Gusau ko Ƙaura Namoda ko Talata Mafara, wajen yara huɗu ke nan. Ɗaya ko biyu daga cikinsu malamin aji ya san su tun makon farko, don sunansu ba ya fita daga takardar masu surutu da monita ke rubutawa, kuma a jikinsu bulala ke karyewa. Sauran ba wanda ya san da su. Suna zaune shiru, suna ɗaukar na kusa da ƙarshe a jarrabawa, ana ce musu daƙiƙai, har ranar da uba zai ga sayen littafi asara ne ya cire su.

Masu cewa wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne, ko kuwa waya ce ta kawo shi, tarihi bai ba su gaskiya ba. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da tun suna ƙanana hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a Landan a kan wasu yara masu hankali daidai da na kowa, amma sun kasa riƙe kansu. Lokacin ko rediyo ba ta shiga gidaje ba. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar a kundinta, cikin waɗanda ke tasowa tare da girman ƙwaƙwalwar yaro.

Wahalar gane ta ita ce babu alama ko ɗaya a cikinta da lafiyayyen yaro ba ya yi. Duk yaro yana mantuwa, yana guje-guje, yana katse magana. Wanda ma ba ya ƙiriniya shi ne uwa ke taɓa wa goshi ta ji ko lafiya. Saboda haka tambayar ba wai "yana yi?" ba ce. Tambayar ita ce nawa yake yi, tun yaushe, a ina da ina, kuma me abin yake jawo masa.

Bari mu duba aike, tunda a nan uwa ta fi saurin lura. Inna ta kira ɗanta mai shekara tara, ta ba shi ɗari biyar, ta ce ya sayo magi da gishiri da daddawa wajen mai tebur na bakin layi, ya dawo da canji. Ya ce "to" tun ba ta rufe baki ba, ya fita a guje da takalmi ƙafa ɗaya. A hanya ya tarar ana kwance injin babur, ya tsuguna. Daga nan akuya ta tsinke igiya, ya shiga cikin masu kora. Sai da ruwan miya ya kusa ƙonewa ya shigo da magi kaɗai, canjin kuwa bai san inda ya faɗi ba. Ta ce, "Me da me na aike ka?" Ya tsaya yana kallonta, ido ya kawo ruwa, yana lalube a kansa da gaske, abin ba ya nan. Kowane yaro ya taɓa yin haka. Wannan kullum ne, kuma ƙanensa mai shekara bakwai yana zuwa aiken nan ya dawo daidai.

Akwai abin da nake ganin ya fi komai raba wannan yaro da mai taurin kai. Mai taurin kai yana zaɓe. Aiken da ba ya so shi yake ɓatawa, amma kuɗin tararsa ba ya ɓata, ƙwallonsa ya san inda ya ajiye. Wannan kuwa har abin da yake ƙauna yana salwanta a hannunsa: takalmin Sallah, kuɗin da kawu ya ba shi, fensir na uku a mako guda. Ya fara shara ya bar tsintsiya a tsakar gida, ya fara aikin gida ya tsallake layi biyu bai sani ba, lissafin da ya iya jiya ya faɗi yau don ya ga alamar ɗebewa ya yi tarawa. Ana yi masa magana ido cikin ido, amma a fuskarsa za a ga ba ya wurin.

Ɓangaren motsi shi kowa ya sani. A sahun sallah yana mutsu-mutsu, a kwanon abinci ya tashi sau uku kafin a gama, katanga da bishiyar darbejiya duk nasa ne, baki kuma ba ya hutawa. Amma wanda ya fi jawo masa baƙin jini a wurinmu shi ne garaje. Malam bai gama tambaya ba ya amsa. Manya suna magana ya tsoma baki, abin da a gidan Bahaushe ake ɗauka rashin kunya ne tsantsa, a ce uwarsa ba ta koya masa ba. A layin famfo ba ya iya jiran a zo kansa, wasa da tsara kullum yana ƙarewa da faɗa don ba ya bari a bi ƙa'ida. Ya tsallaka titi bai waiga ba. Jikin irin waɗannan yara ma yakan ba da labari: tabo a goshi, karaya, ƙuna, an je wajen mai ɗori fiye da sau ɗaya. Ba dole yaro ya haɗa duka ba. Wani rashin natsuwar ne kaɗai, wani motsi da garajen ne suka fi yawa, wani kuma ya haɗa.

Makarantar allo tana da wani sirri a nan da ban ga an cika lura da shi ba. Yaron da aka gaji da shi a boko wani lokaci yakan yi dama-dama a gaban alaramma, iyaye su ce ashe bokon ne ba ya so. Ni a ganina tsarin karatun ne ya dace da shi. Ana karatu da murya, jiki yana rangaji, abin da aka rubuta a allo gajere ne, kuma da ya yi kuskure ake gyara masa nan take. Babu zaman shiru na minti arba'in. Sai an zo tilawa mai tsawo, ko rubutun allo da kansa, sannan abin yake fitowa: tawada ta zube, alƙalami ya ɓata, tsararsa sun wanke sun yi gaba shi yana nan a sura ɗaya. Don haka idan za a tambayi alaramma, kada a tsaya a "yana ji?" A tambaye shi yaya yaron yake idan an bar shi shi kaɗai da allonsa.

Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta a 2013, wanda ake aiki da shi a ƙasashe da yawa, ya jera alamomi tara na rashin natsuwa da tara na motsi da garaje, ya ce sai yaro ya tara aƙalla shida a ɓangare ɗaya ko a kowanne. Amma sharuɗɗan da ke biye sun fi ƙirgar nauyi. Sai abin ya kai wata shida yana faruwa. Sai ya kasance wasu alamomin sun bayyana kafin shekara 12. Sai an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, ko Islamiyya da wajen sana'a. Kuma sai sun cutar da yaron a zahiri, a karatunsa ko zamansa da mutane. Yaro mai kuzari wanda karatunsa ke tafiya, yana da abokai, ana aikensa yana dawowa, ba shi da larura ko da ya hana unguwa barcin rana.

Sharaɗin wuri biyu shi ne ke hana a zalunci yaro. Idan a boko kaɗai yake birkicewa, to a duba bokon. Wataƙila da Turancin da ba ya ji ake koyar da shi, wataƙila a bayan aji yake zaune a ƙasa ba ya hango allo, wataƙila wani babban yaro ne ke cin zalinsa. Idan a gida ne kaɗai, a duba gidan: an yi sabuwar amarya, an saki uwarsa, an haifa masa ƙane aka manta da shi. Sannan da tsararsa ake gwada shi, ba da 'yan ajinsu ba. A ƙasashen da ake rubuta ranar haihuwa, bincike ya sha nuna cewa yaran da suka fi ƙanƙanta a aji su aka fi laƙaba wa wannan larura, alhali 'yan watanni ne kawai tsakaninsu da sauran. To ina ga ajinmu, inda ɗan shekara shida ke zaune da ɗan shekara goma? Haka nan makarantun kuɗi da ke zaunar da ɗan shekara uku a benci yana kwafar haruffa har azahar, sannan su aiko wa iyaye cewa yaronsu ba ya natsuwa. Ɗan shekara uku ba a halicce shi don wannan zama ba.

Hujjar da iyaye suka fi kawowa ita ce waya. "Malam, wanga yaro in ya riƙe waya sai ya yi awa biyu bai motsa ba, ka ga ke nan iskanci ne." Hujjar tana da ƙarfi a ido, amma ba ta rushe komai ba. Yaron ba hankalin ne ba shi da shi ba, juya shi zuwa inda ake so ne ke gagararsa. Abin da ke ba da daɗi nan take, yana sauya launi da sauti kowace daƙiƙa, shi ke riƙe yaron da kansa, har ma raba su ya zama faɗa. Abin da sakamakonsa sai gobe ko ƙarshen zango, kamar hadda ko jadawalin sau, wannan yaron ne zai riƙe kansa a kai, kuma a nan rauninsa yake. Wannan aiki na ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa ne, mai tsara abu, da jinkirta sha'awa, da riƙe umarni a ka har a aiwatar, kuma yana dogara da sinadaran isar da saƙo irin su dofamin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, wanda ya bi hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, ya gano cewa a masu wannan larura nunar ɓawon ƙwaƙwalwa tana makara da kusan shekara uku a matsakaici, musamman a ɓangaren gaba. Ma'ana, ɗan shekara goma yana iya kasancewa da basirar ɗan goma, amma riƙon kansa na ɗan bakwai ne.

Wannan ne ya sa duka ba ya aiki a kansu. Bulala tana iya tsoratar da wanda ya san doka ya ƙi bi. Wannan yaro ya san dokar, a tambaye shi zai karanto ta, kuma yana so ya bi. A daidai lokacin da ake buƙatarta ne ba ta zuwa masa. An dake shi, ya yi kuka, ya yi rantsuwa, bayan minti goma ya koma. Idan na ji uba ya ce, "Na dake shi har na gaji, ba ya ji," ni wannan maganar kanta nake ɗauka alama, don yaro mai zaɓin halinsa da tuni ya nemi wa fatarsa sauƙi. Abin da duka ke koya wa irin wannan yaro shi ne ƙarya, da gudun gida, da yarda cewa shi ɗin dama lalatacce ne. Ba cewa nake a daina tarbiyya ba. Irin wannan yaro ma ya fi kowa buƙatar doka, sai dai gajera, ɗaya bayan ɗaya, da sakamako nan take.

Game da musabbabi, gado ne kan gaba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan larura daga gado yake. Sau da yawa uban da ke cewa uwa, "Ke kika ɓata shi," idan aka tambayi kakar yaron za ta yi dariya ta ce ai shi ma haka ya yi. Haihuwar bakwaini, da haihuwar jariri ƙarami ƙwarai, da shan giya ko taba lokacin ciki, da bugu mai tsanani a ka, duk suna ƙara haɗari. Alewa da sukari kuwa, da aka gwada su ta yadda yara da iyaye ba su san wa aka ba wa sukari ba, ba a ga sun sauya halin yara ba. A rage su don haƙori.

Yarinya ce aka fi yi wa asara. Ana gano larurar a maza kusan ninki biyu na mata, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne mata sun fi zuwa da nau'in shiru, wato rashin natsuwa kaɗai ba tare da yawan motsi ba. A wurinmu abin ya fi ɓuya, domin yarinyar da ba ta magana yabo take samu, a ce tana da kunya, tana da natsuwa. Natsuwar jiki ce kawai. A aji idonta yana kan allo, hankalinta yana wajen taga. A gida an bar mata tukunya ta kama, an ce ta goyi ƙanenta ta kai shi maƙwabta ta dawo ta manta saƙon. Idan tana talla, kullum kuɗin awara ba ya cika, ba don ta ci ba, sai don ba ta tuna wa ta ba bashi ba, ba ta ƙirga canji daidai ba. Sai a ce sakarya ce, sauna ce, ba ta da kai. Ba wanda zai kai ta asibiti don ba ta dami kowa ba. A cire ta daga makaranta, a yi mata aure, can kuma abin ya sake suna ya koma ƙazanta da rashin iya riƙon gida.

Duk wannan bayani yana da haɗari guda, wato mai karatu ya duba ɗansa ya yanke hukunci. Rashin natsuwa kamar zafin jiki ne. Jiki ya yi zafi ba lallai zazzaɓin cizon sauro ba ne, sai an gwada. Kuma a Zamfara abubuwan da ke iya hana yaro natsuwa sun fi na wurare da yawa, wasunsu ma sun fi ADHD gaggawa.

Na farko dalma. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, sakamakon niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani da taimakon ƙungiyar likitoci ta MSF, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Abin da aka fi tunawa shi ne mace-macen da jijjigar. Amma dalma ba sai ta kai ga kisa take ɓarna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma kaɗan ɗin da ba ya sa ciwo a fili yana rage basira, yana rage natsuwa, yana ƙara garaje. Haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Uban da ke aikin dutse yana iya kawo ƙurar gida a rigarsa da takalminsa ko da ba a niƙa komai a gidan. Ga kuma kwallin gargajiya da ake ranɗa wa jarirai, wanda galibinsa dutsen dalma ne aka niƙa. Saboda haka yaron da ya fito daga yankin haƙar ma'adinai, ko gidan da ake gyaran batir, idan ba ya natsuwa, gwajin jini na dalma ya kamata a fara nema kafin a yi maganar komai.

Na biyu tsoro. Yaron da ya kwana a daji yana jin harbi, wanda aka kashe wani a gabansa, wanda aka kwaso daga ƙauyensu aka zube a kangon gini a Gusau ko Anka, zai zo aji yana firgita da ƙarar babur, ba ya barci, ba ya riƙe karatu, ya yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A ido ɗaya yake da mai ADHD. Bambancin yana cikin tarihi: wannan lafiya lau yake kafin abin ya faru. Shi ya sa tambayar "tun yaushe?" take da nauyi. ADHD ba ta faɗo wa yaro rana ɗaya, tun yana ƙarami ake ganin ta. Duk sauyin hali da za a iya cewa ya fara ne bayan kaza, to a bi kazan. Haka nan bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, da rufe makarantun da ya biyo bayan hare-haren waccan shekarar, yara da yawa sun koma aji da giɓi a karatunsu. Wanda aka wuce shi, ba ya gane abin da ake yi, dole ya yi wasa.

Sai kunne da ido. Kunnen da ya daɗe yana ruwa yana rage ji, haka sanƙarau, wanda ya yi wa jihar nan mummunar ɓarna a 2017, yakan bar wasu da suka warke da raunin ji. Yaro yana jin sauti amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin hayaniyar aji, a ce ba ya saurare. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa har yaro ya suma yakan bar rashin natsuwa a baya. Mai sikila yana iya samun toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba, sai dai karatu ya ja baya. Yunwa da ƙarancin jini ba sai an yi dogon bayani ba, wanda ya fito gida bai karya ba ba zai bi darasin ƙarfe goma sha ɗaya ba. Ƙarancin barci ma haka, kuma shi yaro idan barci bai ishe shi ba, maimakon ya yi laushi sai ya ƙara haukacewa.

Akwai kuma wata farfaɗiya da ba ta kayar da mutum, wadda aka fi rikita ta da nau'in shiru. Yaro yana magana ko yana cin abinci sai ya ƙame, ido a buɗe, na 'yan daƙiƙoƙi, wani lokaci da ƙifta ido ko motsa leɓe, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma yana iya yin haka sau da yawa a rana. Gwajin gida mai sauƙi ne. Mai tafiyar tunani idan aka taɓa kafaɗarsa zai dawo. Mai wannan farfaɗiya ba zai dawo ba sai ta sake shi. Tana da magani, kuma ba a jira da ita.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ADHD. Da labari ake gano ta, don haka ingancin abin da likita zai faɗa ya dogara da ingancin abin da aka gaya masa. A nan al'adarmu takan kawo cikas. Idan ɗan fari ne, uwa ba za ta buɗe baki ta yi bayaninsa ba saboda alkunya, uba kuma da safe yake fita sai dare, abin da ya sani shi ne ƙarar da ake kawo masa. Gara a tafi da kaka ko goggo ko yayar da ta yi renonsa. A karɓo bayani a rubuce daga malamin boko da na Islamiyya, a ɗauki littattafan yaron na zango biyu ko uku, a tuna yadda aka haife shi, da manyan ciwukan da ya yi, da sana'ar da ake yi a gidan. Ƙofar farko sashen yara ne, kamar na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, inda za a duba jini da kunne da ido. Idan ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato. Na san sunan Kware kaɗai yana sa iyaye su ja da baya, su ce ɗansu ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne, ba shi ba ne, kuma ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti. Abin da ke cutarwa shi ne a ɗaure yaro da mari, ko a yi ta turara shi ana dukansa da sunan fitar da iska.

Kafin a kai ga likita, da bayan an kai, akwai abin da gida da aji za su iya. Umarni ɗaya a lokaci guda, a kira sunansa, ya kalli mai magana, ya maimaita abin da aka ce. A zaunar da shi gaban aji nesa da taga. A raba aiki gunduwa-gunduwa, a ba shi aikin da ke buƙatar motsi, kamar share allo ko raba littattafai, tun kafin jikinsa ya nema da kansa. A yaba masa a daidai lokacin da ya yi daidai, ba sai ƙarshen mako ba. Ga yaran da ba su kai shekara shida ba, koya wa iyaye irin waɗannan dabaru shi ne maganin farko da ƙwararru ke ba da shawara, ba ƙwaya ba.

Ƙwayar tana nan ga waɗanda suka girma kuma abin ya yi tsanani. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa irin waɗannan yara su natsu, kuma wanda aka fi amfani da shi yau shi ne metilfenidet, da aka fi sani da Ritalin. Yana taimakon mafi yawan waɗanda aka ba, amma ba ya warkarwa, aikinsa na sa'o'i ne. Yana iya rage cin abinci, ya hana barci, ya ɗaga bugun zuciya, shi ya sa likita ke bin nauyin yaro da tsawonsa da hawan jininsa. Magani ne da doka ta tsaurara a kansa, ba na sayen kan kanta ba ne. Abin da ake yi a wasu gidaje, a je kemis a ce a ba da abin da zai kwantar da yaro, a dawo da maganin mura mai sa barci ko ƙwayar masu taɓin hankali, wannan kasala kawai yake sa masa. Yaron zai zauna, amma karatun ba zai shiga ba, kuma masu wannan larura dama sun fi tsararsu haɗarin faɗawa shaye-shaye idan suka balaga.